Tsallen Allurar Fofo Fulber

A garin Ajashe na bakin tafki, bayan kasuwar kifi, in ka tambayi gidan Fulber Ahuwansu kowa zai nuna maka, amma zai ƙara da cewa kada ka sa rai za a yarda da kai. Mutumin nan tun yana saurayi bai taɓa yarda da kowa ba. Matarsa Pelaji ta ce ko ranar aurensu a coci sai da ya ɗaga mayafinta ya leƙa da kyau, wai ko an musanya masa ita da yayarta.

Aikinsa na farko shi ne sa faifai a wani gidan rawa na bakin tafki, lokacin yana da gashi a ka da wando mai faɗin ƙafa. Da kaset ya shigo, mai gidan ya jibge fayafayan a bayan ɗaki, yara suna ɗauka suna wurgi da su. Fulber ya aro baro ya kwashe su kaf. Bayan nan ya yi gyaran rediyo, ya yi gadin makaranta, ya yi kiwon zomaye har suka ƙare masa ɗaya bayan ɗaya, amma duk wannan a wajensa abin cika ciki ne. Shi dai mai faifai ne.

Cikin tarin nan akwai wani ƙaramin faifai da kyankyaso ya cinye takardar tsakiyarsa, ba sunan makaɗa, ba sunan waƙa. Mutane suka sa mata waƙar mai kwalekwale. Fulber ya rantse babu irinsa ko'ina, kuma har yau ba wanda ya ƙaryata shi. Kowace Lahadi bayan an taso coci, tsofaffin unguwa sukan taru a barandarsa, a soya kifi, a kawo akasa, wato agidin masara, da kwalbar barasar sodabi. Sai ya yi ta ja musu rai da wasu fayafayai, sai ya ga sun fara gyara zama suna kallonsa, sannan ya ɗauko shi da 'yan yatsu biyu ya ɗora. Sau ɗaya tak. Wanda ya yi tari ya rasa wani wuri, sai wani mako.

Wannan Lahadin ita ce Fulber. Ranar Litinin tsoho ne mai sanƙo da ke gardama da mai gawayi. Ranar Lahadi kuwa har tsohon alƙali ke ce masa Fofo, wato Babban Yaya. Ya san haka sarai, ya kuma san ranar da waƙar ta fita daga gidansa, kujerun barandar za su koma wurin kwanciyar kaji. Shi ya sa Turawan da ke yawo suna sayen tsofaffin fayafayai ba su taɓa wuce bakin ƙofa ba, shi ya sa kuma aka ajiye kwanon wanki a ƙofar: duk mai shiga ya jefa wayarsa ciki.

Sai ga Senami, 'yar mai sayar da wainar ablo a tashar mota, wadda ke busa ƙaho cikin masu kiɗan jana'iza. Ta zo wata Lahadi, ta gaida kowa har ƙasa, ta jefa waya a kwano, ta zauna kusa da lasifika ta rufe ido. Mako ya zagayo ta zo da wani dogo, wai ɗan'uwanta ne. Dogon na zama tafukansa suka shiga bugun gwiwa. Daga baya wani gajere ya biyo su, shi kuma yatsun hagunsa ke tafiya a kan cinya kamar ƙaguwa.

Fulber ya samu Pelaji a madafa.

“Kin ga yaran nan?”

“Na gani. Su kaɗai ne ke wanke kwanon da suka ci.”

“Ɓarayi ne.”

“To me suka ɗauka, mai gida? Sanƙonka?”

“Yarinya mai jini a jika ta bar samari ta zo ta zauna da masu ciwon gwiwa? Don Allah dai? Ke ma kin san akwai magana.”

Lahadi ta gaba ya tsare su a ƙofa. Ya sa dogon ya juye aljihu, ya sa gajeren ya cire hula, ya sa Pelaji ta laluba ɗankwalin Senami. Ba komai sai alewa.

“Ke, 'yar nan, me kike fita da shi daga gidana?”

“Fofo, kunne kawai na zo da shi. In jefa shi a kwanon?”

Tsofaffi suka fashe da dariya, tsohon alƙali har da ƙwarewa. Fulber ya bar su suka shiga, amma ranar bai ji waƙar ba sam. Yatsun gajeren yake kallo.

Da ruwa ya ɗan tsagaita a watan Agusta aka kafa rumfunan bikin kiɗa a bakin teku, wajen Kwatano. Fulber bai taɓa zuwa ba. Ya ce taron waɗanda ba su iya zama su saurara ba ne. Amma mai gawayi ya tsegunta masa cewa 'yar mai ablo ta haɗa sabuwar ƙungiya, za su hau dandamali da la'asar. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, ya ɗauki lema, ya ce wa Pelaji ta shirya, yana bukatar shaida.

Suka isa rana na dukan yashi. Hayaƙin gasasshen kifi, masu kwakwa, 'yan mata da gilashin rana, samari sun ɗaura riguna a ka. Wasu yara daga arewa suka yi kiɗan jita da ƙwarya, ƙafar Fulber ta fara motsi da kanta, ya taka ta da ɗayar.

“Waɗannan ma daga wani suka sata,” in ji shi.

“Wa?”

“Ban san shi ba tukuna.”

Sai aka kira su Senami. Ga dogon a bayan ganguna, ga gajeren rungume da jita. Ta ɗaga ƙaho, ta busa, tun numfashin farko Fulber ya damƙe hannun Pelaji har ta yi ƙara. Waƙar mai kwalekwale ce, ba ragi ba ƙari, a fili, a gaban jama'ar da ba ta san ko sunan unguwarsa ba. Wayoyi suka tashi sama kamar zangarniyar gero.

Ana tsakiyar waƙa, sai duk makaɗan suka yanke lokaci guda, ƙaho a rabin busa, ganga a rabin bugu, suka dira can gaba suka ci gaba kamar ba abin da ya faru. Jama'a suka yi ihu. Da aka maimaito wurin, filin gaba ɗaya ya daka tsalle tare da su, yashi ya tashi.

Pelaji ta toshe baki. Ta san wurin nan fiye da kowa. Tun 'ya'yansu na ƙanana, wata rana Fulber ya dawo yana ƙamshin turaren da ba nata ba, ta jefe shi da ludayi, ya sunkuya, ludayin ya sauka a kan faifan yana juyawa. Tun ranar allura in ta zo nan sai ta yi tsalle. Tsofaffin baranda sun saba har ba sa ji.

“Kin ji ko?” in ji Fulber. “Har da ludayinki suka sace!”

Ya ratsa jama'a da lema ya zagaya bayan dandamali. Senami na goge gumi ta gan shi, ta durƙusa.

“Fofo! Ka zo! Mun yi daidai?”

“Daidai? Ɓarauniya mai ladabi! Ke kika ɗauki ƙaho, wannan zangarniyar ya ɗauki ganga, wannan ƙaguwar ya ɗauki jita, kuka fita da ita gunduwa-gunduwa a gabana ina zuba muku sodabi!”

“Ai ba mu taɓa faifan ba, Fofo.”

“To tsallen fa? A ina kuka samo tsallen in ba a gidana ba?”

“Wurin yankewar? Kai, wurin nan ya ba mu wuya! Mai gangarmu har ya ce zai bar kiɗa. Mutanen da ƙwararru ne, wa zai yi tunanin yanke waƙa a nan?”

“Ni,” in ji Pelaji daga baya.

Sai da aka yi musu bayanin ludayi. Dogon ya zauna a kan akwatin ganga ya riƙe kai. Gajeren ya yi ta dariya har da hawaye. Fulber kuwa bai yi dariya ba, don ta gefen labule yana hango wayoyin nan, yana kuma hango barandarsa ranar Lahadi, shi da kaji.

Senami ta matso.

“Fofo, ke nan akwai abin da allurar ke tsallakewa?”

“Baiti guda cur.”

“Ka san shi?”

“Wa ya sa faifan nan kafin a haifi uwarki?”

“Don Allah ɗan rera mana. Kaɗan kawai.”

Ya gyara murya. Har ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan kunnuwanta, ƙanana, a buɗe, suna jira. Ya dubi tafukan dogon, sun riga sun hau gwiwa. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya buɗe lema.

“Lahadi. Bayan coci. Kowa ya zo da kifinsa.”

Yanzu barandar ba ta ɗaukar mutane. Har kan katanga samari ke zama, wasu daga Kwatano suke hawo babur. In allura ta iso wurin tsalle sai Fulber ya ɗaga ta, ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya rera baitin da muryarsa mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba, sannan ya mayar da allura.

Matsalar ɗaya ce. Wancan makon mai kwalekwalen ya nitse a tafki, uwarsa na kuka a gaɓa. Makon da ya biyo ya auri 'yar sarkin masunta. Na bayansa kuma ya sayar da kwalekwalen ya tafi Ikko. Senami takan zauna kusa da lasifika, amma ta daina rufe ido, shi take kallo, irin kallon da ya saba yi wa mutane. Ta je ta tambayi tsohon alƙali, ya ce shi a da rawa yake yi, ba ya jin baiti. Ta tambayi Pelaji.

“'Yata, ni lokacin nan turare nake shinshina.”

Da mutane suka watse Pelaji ta tsare shi yana goge faifan da tsumma.

“Kai, tsoho, tsakaninka da Allah, kana tuna baitin nan kuwa?”

Ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa, ya leƙa bayan ƙofa, ya dawo.

“Wa ya aiko ki?”