Rigar Mus'if

Duk shekarun da na yi ina tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Waziriyya da ke Jidda, ban taɓa ce wa kowa na san magani ba. Riga ce ta jawo mini. Mai asibitin, wanda shi ne kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, riga iri ɗaya yake ba duk mai shiga motar, an ɗinka "mus'if" da Larabci a gadon baya, wato wanda ya koyi ceton rai kafin a isa asibiti. Ni kuwa iyakar sanina sitiyari da ɗaukar gadon majinyaci.

To, je ka faɗa wa mutanen unguwarmu Karantina haka. In na taso aiki da yamma, kafin in kai ƙofar gida an tare ni. Wannan 'yarta ta ƙone da ruwan shayi, wancan jiri yake gani, wata ta ƙullo ƙwayoyi a bakin mayafi in nuna mata na hawan jini. In ce, "Hajiya, ni fa direba ne." Ta ce, "Kai dai Mus'if, ka cika ƙanƙan da kai." Yawancinsu Hajji ko Umra suka zo suka zauna, babu iƙama, wato takardar izinin zama, tsoron asibiti suke kamar ofishin 'yan sanda. Sai in wanke ciwo in ɗaure, in ce Allah ya sawwaƙe. Wallahi na gaji, ga fargaba kullum kada wani ya cika a hannuna.

Ana nan sai kafili ya tara mu ya ce, "Halas, magana ta ƙare, doka ta zo. Sunan nan sai wanda ya yi karatunsa ya riƙe shaida." Wasu suka yi ta gunaguni, ni kuwa hamdala na yi a zuci. Da yake mutumin hannun jarirai gare shi, bai saya mana sababbin riguna ba, cewa ya yi kowa ya je a warware masa rubutun.

Na kai tawa wurin aminina, wani tela mutumin Damagaram da shagonsa ke bakin lungunmu. Shi ma ba shi da takarda, 'ya'yansa duk a Jidda aka haife su. Ya zauna yana tsince zaren yana yi mini tsiya, wai yau an tuɓe sarki. Da ya gama ya ɗaga rigar ya fashe da dariya. Rana ta koɗar da ko'ina ban da inda zaren ya rufe, ga sunan nan raɗau.

"Mutumina," ya ce, "ni dai na cire nawa. Sauran ka kai ƙarar rana."

Mutanen unguwa ma ba su fasa ba.

Wata Juma'a bayan la'asar matar telan ta faɗo gidana ko takalmi babu. Na tarar da shi kwance gefen keken ɗinki, ya dafe ƙirji, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Na ɗauki irinsa da yawa a mota, na san ciwon zuciya ne, na kuma san ba abin da hannuna zai iya. Asibitinmu ba ya karɓar irin wannan, balle marar iƙama. Na ce a kira motar asibitin gwamnati.

Matar ta durƙusa. "Yaya, ka rufa mana asiri. Ka san ba shi da takarda. Ka yi masa abin da kuke yi."

"Ba ni nake yi ba! Tuƙi nake yi!"

Maƙwabta suka sa baki, wai yau kuma rowar ilimi zan yi. Shi kansa ya kama wuyan hannuna, da ƙyar ya ce, "Kada ka kira." Na zame hannuna na tafi kantin wani Bayamale, mutumin Yaman, na buga waya.

Motar ba ta iya shiga lungun ba, a kan tabarma muka ɗauko shi zuwa bakin titi. Samari biyu suka karɓe shi, masu sunan na gaskiya, suka jona masa na'ura suka ce yalla, a tafi. Na tsaya ina kallo, ban san ko sunan abin da suka sa masa ba.

Ya rayu. Da ya warke aka nemi takarda, babu, daga gadon asibiti sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Jirgi ya kai shi gida, matar da yaran suka zauna, ta koma sayar da dafaffen wake a bakin shagon da aka rufe. Har yau in na tuna, na san da za a sake, sai na sake kira. Sanin hakan bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Matar ta daɗe ba ta amsa gaisuwata. Kullum ta nan nake wucewa, kullum sai na gaishe ta, ta sunkuyar da kai tana juya wake. Wata safiya na ce, "Hajiya, ina kwana, ya yaran?"

Ta ɗago ta dubi rigar, ta dube ni.

"Lafiya lau, direba."

Duk Karantina ita kaɗai ta bi dokar.