Kamu Goma Sha Uku da Taƙi Ɗaya na Goggo Tasallah

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, wato 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Goggo Tasallah, yayar mahaifinmu, a gidanta da ke unguwar Al-Sih a Madina, jim kaɗan bayan azahar. An sallace ta a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan magariba, aka binne ta a maƙabartar Baƙi'a. Takardunta sun ce shekarunta sittin da huɗu, ita kuwa takan ce sittin da bakwai. Na rubuta duka biyun domin ban san wanne ne daidai ba.

Goggo, ni ce Ikram, wadda kika laƙaba wa Malama Mita tun kafin in gama jami'a, saboda ba na yarda da tsawon abu sai na auna. A zaman makoki mata sun yi ta ambaton abayoyin da kika ɗinka musu shekara da shekaru. Ni kuwa ina so in rubuta abin da kika yi wa ƙanwata Sundus, domin na ji an fara ƙara wa labarin gishiri, kuma bai buƙata.

Sundus tana da shekara tara ta shiga jumbaz, wasan motsa jikin da 'yan mata ke yi da kiɗa, suna sarrafa ƙwallo ko kawanya ko wani dogon ƙyallen siliki da ke maƙale a bakin sanda. Mu muna kiran ƙyallen shariɗi, ke kina kiran sa wutsiya. Baba ya ƙi da farko, saboda kayan wasan da ya gani a hoto. Ba ki yi masa gardama ba. Kwana huɗu kika yi a kan keken ɗinki, kika fito da riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, kika shimfiɗa a gabansa.

Kika ce, "Abdussamad, duba da kyau. In ka ga inda iska za ta shiga, nuna min in toshe."

Baba ya yi dariya, ya sa hannu a takardar kulob.

Daga nan ke ce mai kai ta horo ranar Lahadi da Talata da Alhamis. Ba ki taɓa gane yadda ake ba da maki ba, kuma ba ki damu ba. Abin da kika sani shi ne iskar Madina busasshiya ce, tana sa siliki ya manne wa ƙafar yarinya, don haka kafin kowace gasa sai kin yayyafa wa shariɗin ruwa kin goge shi da dutsen guga mai ɗumi. Kina yi mata Hausa, tana amsa miki da Larabci. Kikan ce, "Wannan 'ya kunnenta Bahaushe ne, bakinta ne ya yi hijira."

Sai maganar Jidda, wadda ita ce ake ƙara wa gishiri. A watan Maris na 2023 muka hau jirgin ƙasa mu uku zuwa gasar 'yan mata ƙanana. A matakinsu, doka ta ce kada shariɗi ya gaza mita biyar. Alƙaliyar da ke duba kaya ta shimfiɗa na Sundus, ta auna sau biyu, ta ce ya gaza da santimita goma sha biyu. Saura minti ashirin da biyar a kira ta, kuma ba mu zo da wani ba.

Laifinki ne, Goggo, kuma ke kika fara faɗa. Duk lokacin da bakin ƙyallen ya zare, sai ki datse ki kalmashe, domin ba kya iya ganin zare yana reto ki ƙyale. Kuma ba da tef kike awo ba, da kamun hannunki ne, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Ni ma ina da nawa laifin: tef yana cikin jakata tun daga Madina, na ji nauyin in auna aikinki a gabanki.

Sundus ta fashe da kuka, mai horar da ita, Kabtin Afnan, ta tafi neman aro. Ke kuwa kika zauna a ƙasa, kika ciro allura daga bakin mayafinki. A wajen sanda ana ninka ƙyallen biyu, kusan mita guda. Kika warware ɗinkin, kika saki kaɗan daga ninkin, kika mayar da ɗan ƙarfen da ke riƙe shi, kika sake ɗinkewa. Minti goma sha bakwai, ina kallon agogo. Kika miƙo min kika ce, "Malama Mita, yau ranarki ce. Auna." Mita biyar da santimita uku.

Ana cewa zinare ta ci a ranar. Ba haka ba ne. Ta uku ta zo cikin 'yan mata goma sha ɗaya, kuma sandar ta suɓuce mata sau ɗaya. Amma guɗar da kika rangaɗa ta sa duk zauren ya waiwayo, har wadda ta zo ta ɗaya.

Bana Sundus za ta cika sha shida, ta koma sahun manya, inda shariɗi mita shida ne. Gasarta ta farko a watan gobe take, a Riyad, kuma Alhamis mai zuwa za a rufe karɓar sunaye. Ran kwana uku da rasuwarki ta gaya wa Kabtin Afnan ta bar wasan. Ta ce duk sanda ta ɗaga sanda sai ta duba inda kike zama. Kin san ni, ban iya lallashi ba, sai lissafi.

Shekaranjiya muka je kwashe kayan ɗakinki. A kan keken muka tarar da sabon shariɗi ruwan goro, kin gama komai sai kalmasar bakinsa, allura na soke a inda kika tsaya. A jikin kwalin zare kin rubuta da ajami: kamu goma sha uku da taƙi ɗaya. Na ciro tef, ina tsoron in same shi a gajarce kuma babu mai gyarawa. Mita shida ne da santimita bakwai. Ashe wannan karon kin bar rarar da datsa za ta ci.

Na nuna wa Sundus lambar. Sannan ta zauna a kujerarki, ta zare allurar, ta ƙarasa kalmasar da kanta. Ɗinkin ya karkace, da kin gani da kin sa ta warware. Da ta gama ta ɗago ta ce min, da Hausa, "Yaya, ina Goggo take ajiye dutsen guga?"

Ba ta ce za ta je Riyad ba, kuma ba zan rubuta abin da ba ta faɗa ba. Na dai nuna mata inda yake, ta kuma yayyafa ruwan kafin ta goge.

Ya Allah, ga baiwarka Tasallah ta zo maka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka suturta ta kamar yadda ta suturta 'ya'yan mutane, ka tashe ta cikin maƙwabtan Manzonka kamar yadda ta kwanta a cikinsu. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanta Yaya Tahir da iyalinsa, da mahaifinmu, da 'yan'uwa na unguwar Ƙiblatain da na Maraɗi, da matan Al-Sih. Ke kuma Sundus, na san a hankali kike karanta Hausa, amma na san za ki kai nan. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.