Gurbi na Shida a Allon 'Yan Sanda

Ina zaune a ofishin 'yan sandan hanya na garinmu, ina jiran takardar ɓatan katina, ga wani dattijo a ƙarshen benci. Kwat ɗin zuwa coci ce a jikinsa, amma baƙin mai ya ƙi barin faratansa. Fayil ɗin da ke kan cinyarsa har ya yi laushi don yawan riƙo. A waje akwai wata tsohuwar janwe, an rubuta sunan "Wanyonyi" a ƙofarta. Ina jin tasa ce, kuma ita ke nan gare shi.

Idonsa na kan allon bango. Masu janwe biyar aka rubuta da alli, su ake kira bi da bi in an yi hatsari. Babu sunansa.

"Afande, takarduna na shiga allo fa?" ya tambayi ɗan sandan kanta. A garinmu "Afande" ake ce wa ɗan sanda, dattijo kuma "Mzee".

"Mzee, mai sa hannu ba ya nan. Ka dawo Litinin."

"Ai yau ce Litinin ɗin, Afande."

Ɗan sandan ko ɗagowa bai yi ba.

Waya ta yi ƙara: motar kabeji ta faɗa rami a kwanar gada. Dattijon ya zabura, makulli a hannu. Aka kira na uku a allo.

"Ku ce masa ya tafi da doguwar sarƙa," in ji dattijon a hankali. "Ƙasar wurin tana haɗiye taya."

Zai fita, sai ya tsaya gaban allon, ya sa hannun kwat ɗinsa ya goge ƙurar allin da ke ƙarƙashin suna na biyar, ya bar wurin fes.