Ranar da Motata Ta Kasa Kai Auta Ɗakinta

Tun ƙanwata Auta tana firamare ni nake kai ta makaranta, tun ina da babur har na sayi mota. Da mahaifinmu ya rasu kuwa, komai nata ya dawo wuyana. Saboda haka da aka sa ranar aurenta ban ma tsaya shawara da kowa ba, ni zan tuƙa ta zuwa ɗakinta a motata. Ita ma da bakinta ta ce, "Yaya, in ba motarka ba, ba na shiga."

Motar tsohuwar 'yar Japan ce, amma ta sha gyara. Na canja mata wili, na sa mata salansa mai gurnani, na yi mata fenti baƙi wuluk. A layinmu na Gwarinpa in na tayar da ita har leƙowa ake yi. Ina cikin jin daɗina sai ɗan gwaggona, taubashina, ya je ya sayi irin tawa sak. Mutumin da ni na koya wa tuƙi! Wata Asabar ya shigo layinmu, motarsa ta kwanta ƙasa kamar kaza a kan ƙwai, tayoyin sun shige cikin jiki. Samarin layi suka bar tawa suka kewaye tasa. Har Auta ta fito tana zagaya ta tana cewa, "Kai, kai, kai!"

Ya dube ni yana dariya ya ce, "Oga, taka har yanzu tana tsaye ƙiƙam kamar akori-kura?"

Na yi dariyar yaƙe. Ya durƙusa yana nuna mini sirrin, wai shoka ce mai zare a jikinta, da zobe a ƙarƙashin sifirin. Ka murɗa zoben ƙasa mota ta kwanta, ka murɗa sama ta miƙe. Na ce masa ai na daɗe da sanin wannan. Ban sani ba.

Litinin da safe ina kasuwar kayan mota ta Apo. Mai shagon da na shiga wani mutumin Filato ne mai fara'a, Hausarsa irin ta Abuja. Ya jera mini shoka kala biyu a kan tebur. Ɗaya doguwa ce mai laushi, tana sauka daidai gwargwado. Ɗayar gajera ce mai tauri, zarenta har gindi. Na kwatanta masa motar taubashina, na ce wacce ya saya?

Ya ce, "Wannan dogo ne ya saya, oga. Amma mota naka ya fi nashi kyau. In ka sa gajere, za ka sauka ƙasa da shi sosai."

Abin da nake son ji ke nan. Na ɗauki gajerar, na tsaya a kan bakanike na ce ya murɗa zoben har inda zare ya ƙare. Da aka sauke jak, yatsana ma bai shiga tsakanin taya da jikin mota ba. Na zaga Gwarinpa ni kaɗai ina gwadawa. Tudun rage gudu a karkace nake hawansa, a hankali, kuma ko sau ɗaya ƙasanta bai taɓa ba. Taubashina da ya gani sai da ya zagaya ta yana kallo. Wannan kallon ya fi mini komai daɗi.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, na wanke motar tas na tsayar da ita a bakin ƙofa. Aka fito da Auta a lulluɓe tana kuka. To, amarya ai ba ta tafiya ita kaɗai. Gwaggo ta shiga ta dama, ƙanwar mahaifiyarmu ta shiga ta hagu, suka sa ta a tsakiya. Babbar ƙawa ta zauna gaba da jaka a cinya. Gwaggona kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, mace ce mai jiki. Tana zama na ji motar ta yi wani nishi. Wa ya taɓa auna shoka da nauyin gwaggo?

A kan kwalta mun tafi lafiya, sai dai taya tana ɗan gogar jiki. Gidan angon yana wata sabuwar unguwa bayan Kuchigoro, kuma daga inda kwalta ta ƙare akwai wani tudun ƙasa da mutanen unguwa suka yi. Na karkace, na hau a hankali. Sai ƙuuu! Cikin motar ya zauna daram a kan tudun. Na ba ta wuta, taya ta yi ta juyawa a banza. Motocin 'yan rakiya suka taru a bayana ana ta hon.

Gwaggo ta ce, "Innalillahi! Wannan mota ce ko tabarma?"

Na ce, "Gwaggo, ku ɗan sauka, yanzu zan sa jak in ɗaga ta."

Ta ce, "Amarya za ka tsayar a titi kana kwance taya? A kira mini yaron nan!"

Yaron nan shi ne ɗanta. Ya taho da motarsa ya tsaya a gefena, sai na ga ta miƙe tsaf, da sarari a ƙarƙashinta. Ashe tun jiya ya je ya murɗa zobensa sama saboda ya san hanyar. Kuma mun yini tare muna jera kujeru, bai ce mini uffan ba!

Da za a fitar da Auta, ta miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafi ta kama hannun rigata, ta ce, "Yaya." Gwaggo ta ɓamɓare yatsunta ta ja ta. Suna sauka motar ta ɗago da kanta, na haye tudun ba ko ƙara. Na bi su a baya ni kaɗai.

Mai hoto yana jira a ƙofar gidan ango. Hoton da ya ɗauka shi ne babba a falon Auta har yau: tana sako ƙafa daga motar taubashina, shi kuma ya riƙe mata ƙofa yana washe baki. In na je gidanta, kujerar da ta ba hoton baya nake zama.