Raliya da Wayar da Aka Ɗinke

Wanda duk ya sauka a tashar Dakoro ranar kasuwa, kafin ya ga mai shayi zai ga teburin Raliya. Tebur ne na katako mai ƙafa ɗaya gajera da aka tokare da bulo, sama da shi rumfar zana, kan rumfar kuma faifai biyu na hasken rana, waɗanda mutanen gari ke kira fano. A ƙarƙashi akwai batiri babba irin na tirela da randar ruwa. Shekara tara ke nan Raliya tana sa wayoyin mutane caji a wannan wuri, kuma a cikin shekarun nan ba a taɓa jin ta ba wani wayar da ba tasa ba.

Teburin na mijinta ne, Tanimu, mai gyaran rediyo. Da ya rasu, danginsa suka zauna suka yanke cewa a sayar da fano da batiri, ita kuma ta koma gida ta riƙa soya ƙosai kamar sauran mata. Raliya ta saurare su har suka gama, ta yi musu godiya. Ranar da ta fita takaba ta ɗaura zani, ta ɗauki kujerar marigayi ta nufi tasha. Aka yi ta magana, ta yi kunnen uwar shegu da su. Ita dai ta san abu ɗaya: shekarun da ta yi tana kai wa Tanimu abinci ba kwano kawai take ajiyewa ba, idonta yana kan hannunsa.

Tana da dokokinta, kuma ba ta sassauta wa kowa. Caja idan aka kawo mata, sai ta ɗora a tafin hannu ta ji nauyinta. Mara nauyi, ko da an rubuta mata sunan duniya a jiki, miƙa wa mai ita take yi ta ce ya kai wa yara su yi wasa. Igiyar da ta fara tsagewa a wuya ba ta hawa teburinta. Waya idan ta ƙi shan caji, kafin a fara zagin batiri sai ta ciro ƙayar aduwa daga bakin kallabinta ta sakace bakin wayar, ka ga yashi da garin taba da zaren aljihu suna fitowa. Kuma ba ta barin waya a rana. Jikin randa take jera su a kan faranti, domin ta lura tun tuni cewa wayar da ta yi zafi a hankali take sha, kamar mai zazzaɓi da kunu.

Mutanen gari suna da kuran, wato wutar lantarki, a gidajensu, sai an ɗauke suke tuna Raliya. Waɗanda suka riƙe teburin su ne makiyayan arewacin Bader Goula. Sau ɗaya a mako suke shigowa, a mota guda, kowane zango ya tara wayoyinsa a jaka ya ba mutum ɗaya. Su sauka da hantsi, motar ta juya da la'asar, abin da waya ta sha a tsakanin nan shi za ta rayu da shi har wani mako. Babbansu shi ne Rhissa, dattijo dogo mai baƙin rawani, wanda amawali bai taɓa sauka daga hancinsa a gaban mutane ba. Inda Rhissa ya ajiye jakarsa, nan sauran suke ajiye tasu. Shekara shida yana ajiyewa a gaban Raliya.

A daminar bara ne ɗansa Huzaifa ya yi nisa da raƙuma, sai Rhissa ya sayar da akuya biyu ya sayo babbar waya a Maradi don su riƙa aika wa juna murya. Wayar ta iso teburin Raliya sanye da riga. Azara, maƙeriyar zangonsu mai aikin fata, ita ta ɗinke ta ruf cikin jar fata kamar yadda ake ɗinke laya, da tuntaye da zanen kore da ratayar wuya. Taga kawai ta bari a fuska, da 'yar kafa a ƙasa wadda igiya za ta shiga. Aiki ne mai kyau, gaskiya, kowa ya gani sai ya taɓa. Raliya ta leƙa kafar ta ga ƙaramin baki irin na tsofaffin wayoyi, ta ɗauko igiyar da ta dace da shi ta jona.

Da la'asar wayar ba ta kai rabi ba. Mako na biyu ma haka. Raliya ta canja caja, ta canja igiya, ta zura ƙaya ba ta ciro komai ba. Ta roƙi Rhissa ya bari a cire rigar, ya dube ta kamar ta ce ya cire rawani.

“Azara ta yi kwana ukku bisa aikin ga,” in ji shi. “Ba a kwance shi.”

A tsakiyar makon ne aka ɗauke kuran a gari, Mushe Abdurrazak, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya kawo tasa wayar. Raliya ta juya ta a hannu, ta ƙura mata ido. Irin ta Rhissa ce sak, tsawo da faɗi da idanu uku a baya. Amma bakin wannan sabon yayi ne, mai faɗi, wanda ake soka igiya ta kowane gefe. Ta jona ta da babbar cajarta mai nauyi, kafin malamin ya gama shayi ya gama gardamar ƙwallo wayar ta kusa cika. To yaya waya iri ɗaya za ta zo da baki biyu? Ta kwana uku tana juya abin a ranta, ba ta da tabbas, zato kawai.

Mako na uku, ana fitowa daga sallar azahar Rhissa ya zo ya ɗaga wayarsa. Kashi talatin da biyar. Juyawa ya yi ya fuskanci tasha, inda mutanensa ke zaune a inuwar mota, ya ɗaga murya.

“Kwana biyu wayar ga ka yi ta mutu. Kwana biyar ban jin ɗana, ban san ko ya samu rijiya ba. An hwaɗa mini tun can ban yarda ba: cajin rana ba ya da nauyi, balle na mace. Mu kwashe, mu tahi wurin mai gurup.”

Mai gurup shi ne Ɗangoggo, wanda ya buɗe shago a ƙetaren hanya da injin wuta mai ƙara, ya daɗe yana gaya wa makiyaya cewa wutar inji ta fi ta rana kauri. Yana tsaye a bakin shagonsa yana sakace haƙori. Makiyayan suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna karkaɗe riguna.

Raliya ta ji abin har tsakiyar kanta. Ta tausaya wa uban da bai ji ɗansa ba, ita ma uwa ce. Amma ta san idan jakunkunan nan suka ƙetare hanya yau, ba za su dawo ba, kuma maganar za ta riga motar isa kowane zango. Ta miƙe ta dafe wayar a kan tebur da tafin hannunta.

“Baba Rhissa, tsaya. Shekara shidda kana aje jaka nan, yau ne ka gano ni mace ce?”

Wani ya yi dariya ya haɗiye.

“Rana guda ce bisa kanmu duka,” ta ci gaba, “ita ta cika wayoyin zangonku goma sha ukku da ke jikin randar ga. Taka kaɗai ta raina? Ciwon na cikin rigar ga. Ka bar ni in kwance ta gaban kowa. In ba ta cika ba kahin motarku ta tashi, wallahi da hannuna zan sauke fano, ba ka ƙara ganina tashar ga.”

Mai shayi ya ce, “Ke Raliya, bar rantsuwa.” Ko kallonsa ba ta yi ba. Rhissa ya daɗe yana duban hannunta a kan jar fatar. Mutum ne da ba ya son a ce ya ji tsoron gwaji, ita kuma ta san haka, shi ya sa ta faɗa da ƙarfi. Daga ƙarshe ya ja baya taku ɗaya.

Ta ɗauko sabuwar reza ta bi ɗinkin zare-zare, ba ta taɓa fatar ba, don ba da Azara take faɗa ba. Mutane suka yi cirko-cirko a kanta, har Ɗangoggo ya ƙetaro. Da rigar ta buɗe, wayar ta zamo tana da zafi kamar an ciro ta daga toka. A gindinta kuwa ga wani ɗan ƙarfe baƙi maƙale, bai fi ƙwayar wake ba, an naɗe shi da zare an manne da ƙaro. Raliya ta sa farce ta fizge shi. Ƙarƙashinsa ga bakin wayar na gaskiya, mai faɗi, sabo fil, igiya ba ta taɓa shigarsa ba.

Ta ɗaga ƙarfen sama. “Wanga hwa, mine ne?”

Rhissa ya matso ya ƙura masa ido, sai ya tuna. Mai shagon Maradi ne ya ba shi, da ya ce masa duk igiyoyin zangonsu na tsohon yayi ne. A soka shi a bakin wayar, tsohuwar igiya ta samu wurin shiga. Azara ta ga abu ƙarami haka zai faɗi a yashi ya ɓace, shi ne ta ɗinke shi ciki don alheri.

“To ta nan take sha mako ukku,” in ji Raliya. “Ka kai raƙumi rijiya ka ba shi ruwa da ludayi, ka rufe shi da bargo, kana ka ce rijiyar ce ba ta da ruwa.”

Ta jingina wayar tsirara a jikin randa ta huce, sannan ta jona babbar caja da igiya mai kauri. Ba wanda ya koma inuwar mota. Wani matashin makiyayi ya tsuguna yana karanta lambar da ƙarfi duk lokacin da ta motsa, hamsin, sittin da biyu, saba'in da takwas. Daga tamanin ta rage sauri, kamar yadda kowace waya take yi, amma su ba su sani ba, aka fara gunaguni. Ɗangoggo ya ce ai ga shi nan, ta gaji. Raliya ta ci gaba da sallamar masu karɓar wayoyi, fuskarta ko gezau. Aka kira la'asar, aka yi salla aka dawo, direba ya hau ya tada mota. Yana danna oda na biyu matashin ya yi tsalle ya ce ɗari.

Rhissa ya miƙo hannu. Raliya ta cire igiyar, ta riƙe wayar a ƙirjinta.

“Nan ka tsaya ka hwaɗi magana, Baba. Nan za ka tsaya ka janye ta.”

Ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa a cikin amawali.

“Ban jiya ba,” in ji ta.

Direba ya kashe mota don ya ji da kyau. Dattijon ya dubi mutanensa, ya dubi matar nan da ba ta kai kafaɗarsa ba. Sai ya juya ya fuskanci tasha kamar ɗazu, ya faɗa da harshensu na Tamashek, ya sake faɗa da Hausa: cajin Raliya ba shi da aibi, laifin nasa ne, ya yi mata ƙazafi. Ta miƙa masa wayar da rigar a ninke, ta ɗora masa babbar igiya a kai, ta ce a gaya wa Azara ta faɗaɗa kafar, ta bar baya a buɗe wayar ta riƙa shan iska.

Motar ta fita tasha, mutane suka watse suna maimaita labarin. Raliya ta juya ta zauna a kujerarta. Mai shayi ya kawo mata kofi, ya ce ai ita ta san abin da ke ciki tun farko, shi ya sa ta rantse.

Ta karɓi kofin ta kurɓa.

“Wallahi ban sani ba,” ta ce. “Zato na yi. Amma da in zauna in ga sun ƙetare hanyar ga da sunana a bakinsu, gara in sauke fanon da kaina.”