Zaune Ka Gan Ni, Mai Akori

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, jirgin kaya ya kwashi motarka a mashigar layin dogo, inda na yi shekara ashirin da biyu ina gadi. Kafin a zaro ka, rai ya yi halinsa.

Mai Akori muke ce maka, saboda tsohuwar akori-kurarka ta ɗaukar bulo. Kai kuma Mai Tuta kake ce mini. In ka zo wucewa sai ka leƙo ta taga: "Mai Tuta, yau ma jirgin naku ya makara? Ko tura shi kuke yi?" Ranar da ciwon matata ya tashi, kai ka juye bulo a bakin hanya ka kai ta asibiti. Bayan ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, kai kaɗai kake kashe mota ka zauna da ni a benci.

Akwai abin da iyalinka ba su sani ba, kuma ya hana ni sakat. A aikinmu, in waya ta buga daga tasha, sai in miƙe da jar tuta. In ina zaune, hanya lafiya. Katangar wani sito ta tare kwanar da jirgi ke ɓullowa, shi ya sa ka daina duban dogo, ni kake duba. Na sha yi maka faɗa, ka yi dariya ka ce, "Idonka ya fi nawa."

Bara aka sallame ni, aka cire wayar, aka kafa sandar ƙarfe mai sauka da kanta. Gida ya yi mini faɗi, sai na ci gaba da zuwa bencin nan kowace safiya, ba tuta, ba waya. Ranar Talatar sandar ba ta sauka ba. Kunnena ya yi nauyi, ban ji hon ɗin jirgin ba. Ka dube ni, ka gan ni zaune, ka ɗaga mini hannu, ka shiga.

Mutane suna ta zagin sanda da masu gyaranta, ba wanda ya ambace ni. Ni kuwa na san abin da ka duba. Sau biyu ina isa ƙofar gidanka ina juyawa.

Allah ya jiƙan ka, abokina, ya haskaka makwancinka, ya sa wahalar nan ta zama kaffara. Allah ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri. Uwar yara, ga gaskiya a rubuce, tun da bakina ya kasa. In za ku iya, ku yafe mini. In ba yanzu ba, ina gida, ba ni da sauran wurin zuwa.