Jan Dutsen Habboba

A gidanmu na Gadarif, lokacin yankan riɗi shi ne lokacin tatsuniya. Mazan gidan duk sukan tafi gonakin yankin Simsim su yi makonni, a bar mata da yara, gidan ya yi faɗi har ya yi yawa. Da an sallame magariba, kakarmu, wadda muke kira Habboba kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu, sai ta ja kujerarta ƙarƙashin rumfa ta gyara wuta, ta ɗora kaskon suyar bun. Ƙamshin kofin nan shi ne kiranmu. Ni ce kullum ta ƙarshen zama, don tun ina ƙarama ba ni da zama wuri ɗaya, Habboba ma cewa take an haife ni da ƙaiƙayi a tafin ƙafa.

Duwatsun murhunta uku ne. Biyu baƙaƙe irin na garinmu, ɗaya ja, sulɓi, ya sha hayaƙi amma bai daina ja ba. Ta ce mahaifiyarta ce ta ɗauko shi tun daga ƙasar Kano, a ƙafa, kan hanyar aikin hajji. Sun yada zango a Gadarif don su yi yankan riɗi na shekara guda su sami guzuri, shekara guda ta zama mu. Wanda duk ya taka dutsen nan ko da kuskure sai ya sha rankwashi, ni kuwa na sha ba adadi.

"Yalla, ku matso," in ji ta, "ga ta nan tafe da ƙurar hanya a ƙafarta."

Mu ce, "Ta shigo a ba ta ruwa!"

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani matafiyi da zai bar garinsu, uwarsa ta ciro dutse ɗaya daga murhunta ta ba shi. Ya yi tafiya har yunwa ta kama shi, ga tukunya, ga garin dawa, ga ruwa, amma tukunya ta ƙi zama kan dutse ɗaya. Mutanen garin da ya sauka suka miƙo masa biyu. Ya juya su, ya shinshina, ya ce ba su kai na uwarsa kyau ba. Ya ɗaure kaya ya wuce gari na gaba. Can ya ce nasu sun cika baƙi. Na gaba ya ce sun cika kaushi. Ya ga kogin da ba a hango ƙetarensa, ya ga kasuwar da ake kwana uku ba a zagaye ta ba, ya ga duk abin da ake zuwa gani, cikinsa kuwa sai kuka yake.

A nan Habboba takan dakata ta daka bun a ɗan turminta, mu kuwa kamar mu ci ta.

"Habboba, ya mutu?"

"Ya bitti, sabur, haƙuri 'yata! Ina na sani? Bari in sha jabanata, kofin nan nawa, tukuna."

Ba ta taɓa ƙarasa ta iri ɗaya sau biyu ba. Ran da take cikin nishaɗi, wata tsohuwa takan shuro masa duwatsu biyu da ƙafa ta ce, "Zauna ka ci, kai wawa," ya zauna, ya ci, har ya yi aure a garin. Ran da ƙafafunta ke ciwo kuwa, sai ta ce har yau yana tafe, in muka ji iska tana kaɗa zana cikin duhu, shi ne ke neman dutse. Na tsani wannan ƙarshen. Nakan tashi in buga ƙafa in ce ƙarya ce, ita kuma ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Halas," ta ce, "ta juya ta tafi, kowa ya nemi gadonsa."

Habboba ta rasu ina shekarar farko a jami'a a Khartum. Da yaƙi ya tarwatsa mu, na dawo gida na zauna wata da watanni ina ƙirga sandunan rumfa, har Allah ya sa na sami gurbin ci gaba da karatu a Kano. Murna kamar in tashi sama. Ai gida za ni, garin jan dutse! Mahaifiyata ta naɗe mini tulun jabanar Habboba na dafa kofi cikin tsumma, da ƙullin bun, ta cusa ƙasan akwati.

Ashe a Gadarif ni 'yar yamma ce, a Kano kuma 'yar Sudan. Ina buɗe baki a gane ni. Ba wanda ya wulaƙanta ni, gaskiya, amma kowa sai ya yi murmushi ya ce in sake faɗa. Abokiyar ɗakina, Rahama, 'yar cikin gari, duk ƙarshen mako sai ta ce, "Ki zo mu je gida mana, Umma tana ta tambayarki." Ni kuma in ce ina da wurin zuwa.

Ina da shi kuwa. Duk Asabar sai in tari adaidaita ni kaɗai in tafi ganin gari. Na je marinar Ƙofar Mata na leƙa ramukan shuni, ban yi minti goma ba na fito. Na shiga Kurmi na ɓace a lungunanta, na taɓa kaya ban saya ba. Na bi ganuwa, na zagaya gidan tarihi. Ko'ina na tsaya sai ƙafata ta ce gaba. Na ci masa na ce ba ta kai kisra, wainar dawar garinmu, ba, na sha shayi na ce ruwan zafi ne. In dawo ɗaki a gajiye, in kwanta in kasa barci, ina kewar har taɓon garinmu mai ƙwace wa mutum takalmi da damina. Akwatina kuwa ko buɗe ƙasansa ban yi ba.

A mako na tara na rubuta takardar ajiye karatu. Na ninke ta cikin jaka, da niyyar miƙawa ranar Litinin. Ranar Asabar na hau Dala, wai in yi wa garin kallon bankwana. Rana ta take, rufin kwano na ƙyalli har iya ganina, ban ji komai ba sai haushi. Daga can na kira mahaifiyata, da ƙyar layin ya shiga.

"Yumma, dawowa zan yi. Na gaji."

Ta ce, "Ki dawo ki kwana ina? Ɗakinki akwai mutane. Wata mata ce daga Madani da 'ya'yanta huɗu, miskina, ba abin da ta fito da shi sai farantin ƙarfenta na tuyar kisra."

"To, sai in kwana a rumfa."

"Ji mana. Sati uku matar nan ba ta dafa komai ba. Ta ce wutarmu ba irin tasu ba ce, dawarmu ba irin tasu ba ce. Tana rungume da farantin nan kamar jariri. Jiya da asuba na fito, na same ta ta ɗora shi kan murhun Habbobarki tana tuya. Kisrar kwayyis, ta yi daɗi wallahi, har mu muka ci."

"Har kan jan dutsen?"

"Da a kan me za ta ɗora? Ke kuma me kika ci yau?"

Ban ci komai ba. Na zauna a kan Dala na yi kuka mai isata, 'yan yawon buɗe ido suna ratsa ni suna ɗaukar hoto. Shekara da shekaru ina jin labarin jan dutsen nan, ina jin haushin wawan matafiyi, ban taɓa tambayar wa ya ba mahaifiyar Habboba baƙaƙen biyun ba. Wata ce dai a Gadarif, wadda ko sunanta ba mu riƙe ba, ta miƙa wa baƙuwa, baƙuwar kuma ta karɓa. Ba don ta karɓa ba, da babu Habboba, babu ni.

Na sauko na koma ɗakinmu. Na tarar Rahama tana ɗaura ɗankwali za ta gida. Na zazzage akwatin nan a tsakar ɗaki, na ciro tulun, na warware tsumman. Har lokacin yana ƙamshin rumfarmu.

"Rahama, ina da tulu, ina da bun. Ba ni da gawayi, ba ni da abin hura shi."

Ta dube ni, ta dubi idanuna da suka kumbura.

"Umma tana da su," ta ce. "Ɗauko mayafinki."